Kak Miah da Injin Shukor

Sunanta Salmiah, amma a benayenmu na unguwar Cheras kowa Kak Miah yake kiranta, wato Yaya Miah, har waɗanda suka girme ta. Rumfarta tana manne da tawa a ƙasan bene. Ni shayi da kofi nake sayarwa, ita kuma nasi lemak, shinkafar kwakwa da yajin da direbobin tasi suke zagayowa tun daga Ampang su saya. 'Yar jihar Terengganu ce, a bakin teku aka haife ta, aure ne ya kawo ta Kuala Lumpur. Mijin, Shukor, direban bas ne, mai fara'a a waje da ɗaure fuska a gida. Ɗansu ɗaya, Nazri. Da yaron ya samu aiki a Johor sai suka rabu ba hayaniya, Shukor ya kama ɗaki a wata unguwa.

Bayan rabuwar Kak Miah ta yi fes, har jan baki ta soma sawa. Yayarta Zaharah ta gyara mata ɗaki a gidan iyayensu, inda ake jin ƙarar teku daga kan gado, ta ce ta dawo su riƙa soya keropok, abin ƙwalama na kifi, suna sayar wa masu yawon hutu. Kak Miah ta sayar da firjinta, ta ɗaure tukwane a kwalaye. Ana haka Nazri ya bugo waya: babansa ya faɗi a tashar bas.

Zuciyar ce ta gaji. Likitoci suka ce babu wadda za a dasa masa yanzu, sai dai a sa masa ƙaramin inji a ƙirji ya riƙa tura jini kafin a samu. Amma da sharaɗi: sai da mai jinya da zai zauna da shi dare da rana, ya koyi wanke inda wayar injin ta fito daga cikinsa, ya san kukan na'urar da canza batir. Nazri yana aikin kwana, matarsa na goyo. 'Yan'uwan Shukor kowa ya kawo uzurinsa. Yaron bai roƙi uwarsa ba, tsayawa kawai ya yi a barandar asibiti yana kallon takalminsa.

Ta ce ta yarda, na 'yan watanni.

Nan da nan wata matsalar ta taso. Ba mijinta ba ne, ga shi kullum sai ta buɗe masa ciki ta wanke, kuma a gida ɗaya za su kwana. Limamin unguwa ya yi wa Nazri magana a hankali. Aka je ofishin addini aka mayar da aure, ba biki ba walima. Da ta dawo ta zauna a bencina ta ce in haɗa mata shayi mai kauri.

Na ce, "Amarya, ba a gayyace mu ba."

Ta ce, "Da batir na yi aure, Leha. Biyu ne ma, kowanne da jakarsa."

Haka rayuwar ta miƙe. Da asuba ta dafa shinkafa, kafin rana ta take ta rufe rumfa ta hau sama. Ta wanke hannu har gwiwa, ta sa safar roba da takunkumi, ta goge bakin wayar. Shukor ba shi da bugun jini a hannu kamar kowa. In ka kara kunne a ƙirjinsa wani siririn zuuu kake ji. Ba ya shiga ruwa, ba ya kwanciya sai an jona shi da bango. In hadari ya haɗu, Kak Miah ta bar ciniki ta je ta duba ko batiran sun cika, don kada a ɗauke wuta.

Shi ma ba daɗi yake ji ba. Mutumin da ya saba zaga gari ya koma zaman taga, yana kallon motoci yana gyara wa direbobi tuƙi daga hawa na tara. Ta daina ce masa Abang, yadda mata ke kiran mazajensu a nan, tun rabuwarsu, kuma ba ta koma ba. "Direba, ɗaga riga," haka take cewa. Shi kuma ya ce mata Sajan.

Watanni suka zama shekaru. Wani ɗan shanyewar jiki ya taɓa hannunsa na hagu, ƙodarsa ta yi rauni, aka cire shi daga masu jiran zuciya. Kak Miah ta ce to, tunda abin na zama ne, su koma Terengganu tare, a can ma akwai asibiti. Ranar da ta faɗa wa likita ne ta ji sauran labarin. Wani babban kamfani na ƙasar waje ya saye kamfanin da ya ƙirƙiro injin, haɗe da haƙƙin ƙirƙirar, sannan ya daina ƙera irinsa don nasa ya samu kasuwa. Batirin sabon ba ya shiga tsohon, kuma doka ba ta yarda wani ya kwaikwaya ba. Ragowar kayan gyara da na'urar duba injin a asibitin nan kaɗai suke. Canza shi kuwa sai an sake buɗe ƙirji, likita ya ce jikin Shukor ba zai ɗauka ba. Ya shawarce su kada su yi nisan da ba za a iya kawo shi da gaggawa ba.

Ta tambayi likitan, in kamfanin ba ya son abin, me ya sa ba zai bar wa wasu su yi ba. Ya ce shi ma ya sha tambayar kansa.

Shukor ne ya nemi sakinta daga ɗaurin. Ya ce mata ta tafi, zai koyi wankin da kansa, Nazri ya riƙa leƙowa.

"Da wane hannun?" in ji ta.

"Da wanda ya rage. Na cinye miki ƙuruciya, ba zan haɗa da tsufa ba, Miah."

Ta bar shi ya gwada, tana tsaye tana kallo. Ta sake fito da kwalaye. Mako bai cika ba bakin wayar ya yi ja ya soma ruwa, zazzaɓi ya rufe shi, aka kwantar da shi kusan wata guda. Tikitin bas na Terengganu da ta riga ta saya, sai ta ba ɗiyata.

Bayan an sallamo shi, Zaharah ta bugo muna cikin ciniki. Wasu baƙi suna neman hayar ɗaki na shekara, ta ce, ko ta ba su na Miah? Kak Miah ta maƙale wayar a kafaɗa tana naɗe shinkafa a ganyen ayaba. Mai sayen yana tsaye yana jira.

"Ba su, Kak," ta ce. "Amma ki ce kada su bar tagar a rufe, katakon yana kumbura."

Ta miƙa wa mutumin ƙullinsa, ta tambayi na bayansa ko da ƙwai yake so.