Shanun Da Ba Su Ɗaga Kai Ba

Cikin duk shekarun da na yi a harkar fim, ranar da ta ƙi fita daga raina ita ce ranar da muka kai fim ɗin Sabi'u garin Kusada. Ku da kuka shigo ƙungiyar nan daga baya kun tarar ana ce masa darakta, ni ana ce mini edita, kuna zaton haka aka faro. Ba haka aka faro ba. Tunda kun matsa, zan gaya muku yadda aka yi, har da wurin da ban fito da kyau ba.

A lokacin, ƙungiyarmu ta masu shirya fim a Kankia ba ta kai mutum goma ba. Alhaji Mannir ne shugaba kuma furodusa, wato shi ke ɗaukar nauyin aiki, shi ke yanke magana. Ni ne darakta, ni ne kuma edita. Ga wanda bai san aikin ba, darakta shi ke tsara abin da za a ɗauka a gaban kyamara, edita kuma shi ke zama gaban kwamfuta ya yanke, ya jona, ya sa kiɗa, har abin ya zama fim. Na daɗe ina riƙe da duka biyun, kuma ina jin daɗin yadda ake kirana Darakta Lawal ko a wurin mai shayi.

Sabi'u ɗan Kaikai ne. Ya tashi yana kiwon shanun kawunsa, ya gama sakandare, ya zo mana yana son koyon kyamara. Ni na koya masa riƙe ta. Wannan maganar na yi ta maimaita wa kaina daga baya, kamar za ta yi mini magani.

Wata shekara bayan girbi, ya roƙi Alhaji aron kyamara ta mako guda. Ya ɗauki ɗan wasa ɗaya tal, Idi, suka shiga dajin da ke bayan Kaikai da garken kawunsa. Ba su da fitilu, ba su da janareta, don haka da rana tsaka suka yi duk ɗaukar. Babu waƙa, babu rawa, babu jaruma. Da na ji haka na yi dariya, na ce wa Alhaji ya bar yaro ya yi wasansa, idan ya gaji zai dawo.

Labarin gajere ne. Wani makiyayi ne da yayansa, ruwa ya cinye yayan a wurin ƙetare kogi, kuma shi ne ya saki hannunsa don ya tsira da ransa. Bai gaya wa kowa ba. Bayan shekaru, yana kiwo shi kaɗai a daji mai nisa, sai ya fara jin muryar yayan tana kiran shanu, irin kiran nan mai tsawo da makiyaya ke yi. Ya waiga, ba kowa. Kullum kiran na ƙara matsowa. Ya daina cin abinci, ya fara amsawa, daga ƙarshe ya ajiye sandarsa ya bi muryar cikin daji. Ba a nuna aljani ba, ba a nuna gawa ba. Mutum ne da shanu da rana da iska.

Sabi'u ya jona abinsa a wata tsohuwar kwamfuta, ya kawo mini in duba, kamar yadda tsarinmu yake: duk fim sai ya bi ta hannun edita kafin ya fita. Na kunna shi ni kaɗai a ofis bayan La'asar, ina cin gyaɗa. Ban san lokacin da na daina cin gyaɗar ba. Da aka zo wurin da Idi ya amsa kiran a hankali, kamar mai jin kunya, tsikar jikina ta tashi. Na waiga bayana a cikin ofishin da na sani kamar ɗakina.

Abin da ya biyo bayan tsoron shi ne abin da nake jin nauyin faɗa. Ƙyashi ne ya kama ni, mai zafi. Na yi finafinai da yawa, an yi dariya, an yi tafi, amma ban taɓa sa mutum ya waiga bayansa ba. Ga ɗan kiwon da na koya wa inda ake danna maɓalli ya yi da kyamarar aro cikin kwana bakwai. Na sake kallon fim ɗin, wannan karon ina neman aibi, kuma na samu. Duk lokacin da muryar ta yi kira, shanun ba sa ko motsi. Kansu a ƙasa, suna cin ciyawarsu. Na ce yauwa, ga kuskuren ɗan koyo, ya manta bai sa an kora shanun ba. Na ji daɗi ƙwarai da samun wannan kuskuren, kuma ban tambaye shi ba, don tambayar Sabi'u a ganina zubar da girma ne.

Sai na zauna na gyara. Na sa kiɗan ban tsoro daga farko har ƙarshe. Na sa wata inuwa mai jajayen idanu tana leƙowa daga bayan kuka. Sannan na tono wani tsohon hoto da muka taɓa ɗauka wajen Fakuwa na fararen shanu suna gudu, na jona shi a duk inda aka yi kiran. Kwana huɗu na yi a kai.

Da Sabi'u ya gani, sai ya ce, "Yaya Lawal, don Allah a bar shanun yadda suke. Kiɗin ma da an cire."

Na ce, "Kai za ka koya mani aiki? Mutum shi biya kuɗinshi shi zauna yana kallon saniya na cin ciyawa?"

Ya buɗe baki zai yi bayani, na ɗaga masa hannu. Maganar ta kai gaban Alhaji Mannir. Shi mutum ne da ba ya son gardama, sai ya ce a nuna duka biyun, a Kankia da Kusada, a bar 'yan kallo su raba. Ya ƙara da cewa wanda nasa ya karɓu shi zai ja ragamar babban fim ɗin da muke shirin yi da damina. Ni na rubuta labarin wannan babban fim ɗin, shekara biyu ina jiran sa. Yanzu ga shi an ɗora shi a kan shanun kawun Sabi'u.

A Kankia muka fara, a wani gidan kallon ƙwallo, ranar da babu wasa, bayan Azahar. Samari ne 'yan gari suka cika bencina. Nawa ya tafi yadda nake so. Inuwar na leƙowa sai ihu da fito, wani ya buga benci, wani ya ce a maimaita. Da aka sa na Sabi'u, kafin a kai rabi mutum biyar ko shida sun fita, wani yana cewa wannan ai shirin noma da kiwo ne. Sauran sun zauna shiru, na lura da hakan, amma na zaɓi in ƙirga waɗanda suka fita. Na dafa kafaɗar Sabi'u a gaban mutane na ce ya yi haƙuri, kowa da haka ya fara. Ina faɗa ina jin daɗi.

Kusada muka je ranar kasuwa. Ni na ba da shawarar ranar, don in sami taro babba da zai shaida nasarata. Abin da ban lissafa ba shi ne waɗanda ke cika gari ranar kasuwa. Da aka buɗe ƙofar gidan kallon, fiye da rabin waɗanda suka shigo makiyaya ne da manoman ƙauye masu shanun huɗa, wasu da sandunansu, suka jingine su jikin bangon kwano. Cikinsu akwai wani dattijo mai farin gemu da ake kira Baffa Sambo, wanda aka ba wuri a bencin gaba.

Nawa aka fara sawa. Kiran farko ya zo, shanuna na Fakuwa suka kwasa a guje, sai na ji dariya. Ba irin dariyar Kankia ba, wadda ake yi don kore tsoro. Wannan dariya ce ta mutanen da suka kama mai ƙarya.

Wani daga baya ya ce, "Ina mai karyayyen ƙahon nan ta shiga? Ai waɗannan ba shanunshi ba ne."

Wani ya amsa, "Kuma ba tsoro suka ji ba. Dubi wutsiya a ƙasa. Waɗanga ruwa suka hango."

Gaskiyarsu. Ranar da muka ɗauki hoton, mashaya ake kai su. Daga nan duk lokacin da shanun suka ruga sai ɗakin ya ɗauka, ana cewa ga ƙishirwa ta sake tashi. Ko inuwata mai jajayen idanu ba ta tsira ba, wani ya ce ita ma ruwan take nema. Ina tsaye jikin majigi, duk a kunnena.

Aka sa na Sabi'u. Babu kiɗa, sai iska da ƙarar ciyawa a bakin shanu. Kira na farko ya zo, Idi ya waiga, shanu ba su motsa ba. Kira na biyu, haka. Dariyar da ta rage a ɗakin ta mutu. Sai na ji Baffa Sambo ya faɗa, ba da ƙarfi ba, kamar yana magana da kansa, "Shanun ba su ji ba."

Maganar ta bi benci benci har baya. Wani ya ce, "Shi ɗai ke ji." Wani ya yi salati a hankali.

A nan na gane abin da na yanke. Saniya ta san kiran mai ita, ko tana bayan tudu za ta ɗaga kai. Idan an yi kira garke bai ɗaga kai ba, to babu kira a dajin, a cikin kan mutumin yake. Duk fim ɗin a kan wannan ya tsaya. Mutanen da ke ɗakin sun san yadda ake wuni a daji ba ka ga ɗan Adam ba, sun san aljani ana yi masa addu'a ya tafi, amma abin da ke cikin kanka duk inda ka kora shanu yana tare da kai. Abin da ya tsorata su ke nan, kuma shi na ɗauka kuskure ne na rufe da shanun mashaya.

Ba wanda ya yi ihu har aka gama. Wani magidanci ya tashi ya fita, na leƙa na gan shi tsugune jikin bango ya dafe kai. Da Idi ya ajiye sandarsa ya nufi daji, wani saurayi ya ce, "Kada ka je," kamar za a ji shi. Hoton ƙarshe shanun ne su kaɗai, suna ci. Aka buɗe ƙofa, haske ya shigo, mutane suka ɗauki sandunansu suna fita ba mai kallon wani.

Baffa Sambo bai fita ba. Ya tambayi mai gidan kallon wa ya yi na biyun, shi kuma ya nuna wajenmu, ya ce ga darakta can. Dattijon ya taho kai tsaye wurina, tunda ni ne mai furfura. Ya kama hannuna da hannu biyu. Ya ce yana da ƙane da ya dawo daga kiwo wata shekara yana cewa ana kiran sa, aka yi ta magani ana zaton iska ce, kuma shi tun a lokacin ya lura shanu ba sa juyawa, bai dai sami wanda zai gaya wa ba.

"Allah shi yi maka albarka, Malam," ya ce. "Wanda ya yi wanga abu ya yi kiwo. A wane daji ka yi naka?"

Sabi'u na tsaye taku uku daga wurin, yana naɗe waya, bai ɗago ba. Alhaji Mannir na waje. Da na ce wajen Kaikai, da an wuce wurin. Ina gaya muku gaskiya, na so in faɗa. Albarkar nan na so ta fiye da babban fim ɗin damina. Na riƙe hannun tsohon fiye da yadda ya kamata, ina jin taurin tafinsa a kan nawa mai laushi, na san shi ma yana ji.

Na ce, "Baffa, ni ban taɓa kiwo ba. Ga mai aikin can. Nawa shi ne na farkon."

Ya dube ni, ya ce, "Af, na mashayar." Ya saki hannuna ya nufi Sabi'u.

A mota Alhaji bai tsawaita ba. Ya ce, "Lawal, ka dai gani." Na ce, "Na gani, ranka shi daɗe." Sabi'u ya ja fim ɗin damina, labarin da na rubuta da hannuna, kuma shi da kansa ya zo har gida ya roƙe ni in tace masa. Na so ƙwarai ya yi mini girman kai don in sami dalilin ƙin sa, bai yi ba. Na karɓa, kuma ga mu har yau.

Kada ku zaci ƙyashin ya tafi. Ya dai tsufa tare da ni. Har yanzu idan aka yabi Sabi'u a gabana ina jin wani abu ya ɗan motsa, sai in ce wa abin ya kwanta.

Abin da nake so ku riƙe, ku masu zama gaban kwamfuta, shi ne ɗan kallo ya san rayuwarsa fiye da yadda kuka san na'urarku. Kuma idan kun ga abin da ya yi kama da kuskure a aikin wani, ku fara duba ko kun ji daɗin ganin sa. Idan kun ji daɗi, ku cire hannu daga kan maɓalli, ku je ku tambaya. Ni tambaya ɗaya ce ta fi ƙarfina, ta kalma bakwai: me ya sa ba su motsa ba? Da na yi ta, da Sabi'u ya gaya mini a ofis, mu biyu, ƙofa a rufe. Da na ƙi, sai da aka tara mini kasuwar Kusada aka gaya mini.