Tayoyin Mai Sikeli

Kafin ya mallaki babur, aikinsa awo ne. Tun yana saurayi har furfura ta fito masa yana tsaye a bakin sikelin wani kamfanin sayen hatsi, shi ya sa har yau ba a kiransa da wani suna sai Mai Sikeli. A can ya ga buhun da aka cusa wa yashi a tsakiya, ya ga wanda aka yayyafa wa ruwa don ya ƙara nauyi, ya ga mutum ya ɗora yatsan ƙafa a gefen sikeli yana yi masa hira da fara'a. Ya bar aikin da ciwon baya da wata ɗabi'a: duk maganar da aka gaya masa, sai ya fara tambayar kansa me mai maganar zai ci a ciki. Matarsa ta ce ko nama ta aika aka sayo, sai ya ɗaga ledar ya jinjina kafin ya bari a wuce da ita kicin.

Da kamfanin ya sallame shi, ƙaninsa ne ya kawo shawarar babur ɗin. Ƙarami ake ce masa, duk da shi ma ya aurar da 'ya. Yana haya da ɗan babur ɗinsa, ya kuma san gonakin lambu da ke bayan rafi, inda tumatir ke ruɓewa a kwando saboda mota ba ta shiga: da rani yashi, da damina taɓo. Ya ce akwai wani babur mai ƙafa huɗu, mai faffaɗan taya, da ke ratsa wurin yana jan ƙaramar tirela. Duk wanda ya mallake shi, shi zai riƙa fito da kayan lambun zuwa bakin titi.

Na hannu suka samu, amma kuɗinsa ya kai na mota. Mai Sikeli ya zuba kuɗin sallamarsa gaba ɗaya. Ƙarami ya sayar da babur ɗinsa da filin da yake shirin ginawa. Suka shirya da baki cewa Ƙarami ne zai tuƙa, Mai Sikeli zai riƙe makulli da gyara, babur kuma zai riƙa kwana a gidansa. Tun rasuwar mahaifinsu ba su taɓa haɗa komai ba sai wannan.

Ranar da suka je ɗauka, dillalin ya danna taya da babban yatsa, ta lotsa. Ya ce, "Alhaji, haka ake barinta. Kada a cika mata iska kamar ta mota."

Mai Sikeli ya gyaɗa kai. Sai da suka fito ya ce wa ƙaninsa, "Ka leƙa bayan shagonsa? Tayoyi ne jibge. Taya mai laushi ita ke saurin cinyewa, ko yaro ya sani. So yake mu dawo."

"Yaya, ai shi ya san kayansa."

"Shi ya sa."

Daga ranar ya ɗauki al'ada. Kullum Ƙarami ya dawo da la'asar, sai Mai Sikeli ya zagaya babur ɗin, ya zura ɗan kara cikin tanki ya duba mai, sannan ya bi tayoyi yana dannawa. Wadda ya ji ta lotsa, sai ya sa a kai wa mai faci da ke bakin layi a cika ta har ta yi tauri kamar ƙwallo. Mai facin ya taɓa cewa irin wannan tayar ba ta son iska da yawa. Mai Sikeli ya tambaye shi ko ya san dillalin. Mai facin ya ci gaba da busa iska.

Aiki ya samu. Masu lambu suna layi, Ƙarami yana fita tun hantsi bai yi ba. Sai dai babur ɗin yana da cin kuɗi. Bel ɗinsa ya tsinke, babu irinsa a garin, sai da aka yi oda daga nesa, babur ɗin ya zauna kwana da kwanaki tumatir yana lalacewa. Boris na ƙafar baya ya ci yashi ya mutu. Baƙin mai ba kowane iri yake sha ba, kuma yana son canji akai-akai. Makanikin da ya iya shi ɗaya ne, ya kuma san shi ɗaya ne. Duk abin da lambu ya kawo da safe, kafin mako ya zagayo rabinsa ya koma cikin inji. Matar Mai Sikeli ta riƙa ce wa babur ɗin "ɗan autan gidan nan", wai shi kaɗai ne idan ya yi tari ake fasa cefane.

Ƙarami ya yi ƙorafi tun da wuri. Ya ce babur ɗin yana tsalle kamar ɗan akuya, yana kafewa a yashi, ƙugunsa kuma ya fara ciwo. Wani lokaci idan ya isa bakin rafi sai ya rage wa tayoyin iska ya wuce. Da yamma yayansa ya danna ya ji laushi, sai a koma wurin mai faci. Ƙarami ba mai ja da na gaba ba ne. Ya faɗa, ya sake faɗa, daga nan ya haƙura.

Ba su cika shekara ba tayoyi huɗun suka suɗe. Manyan haƙoran da ke tsakiyarsu sun cinye har sun yi sumul, na gefe kuwa suna nan kamar sababbi. Da aka tambayo kuɗin sababbi, Mai Sikeli ya zauna a kan benci yana lissafi. Dillalin ya taɓa ce masa tayar tana kai shekaru. Yashi da taɓo ba sa cin roba haka, kwalta ce ke ci. To wa ke hawa kwalta da babur ɗin? A nan tunaninsa ya tsaya: Ƙarami yana gama lambu da wuri, ya hau titi ya yi jigilar kansa, kuɗin ya shiga aljihunsa, taya kuma ta cinye a kan su biyu.

Bai tambaye shi ba. Ya fara zuwa teburin mai shayi da ke mararrabar titi da rana tsaka, ya zauna bayan allon talla yana kallon hanya. Ya bi masu lambu da tambaya a fakaice, yaushe Ƙarami ya tashi daga wurinsu. Ya lura matar Ƙarami ta yi sabon mayafi. Matarsa ta ce masa 'yar Ƙarami ce ta kawo mata, ya ce haka za a ce. A duk zaman da ya yi bai ga babur ɗin a kan kwalta ba ko sau ɗaya, abin da ya fahimta daga hakan shi ne Ƙarami ya san yana nan.

Maganar ta fashe a gaban mai faci, wata la'asar da aka kawo tayar gaba da ta sha faci a kan faci.

Mai faci ya ce, "Baba, wannan ko tabarma ta fi ta kauri. Ina zan liƙa?"

Mai Sikeli ya ce, "Tambayi direba. Shi ya san titin da take bi."

Ƙarami yana tsugune yana kwance noti. Ya ɗago. "Wane titi, Yaya?"

"Ni na sani? Ni da nake gida."

"A gida kake, ko wurin mai shayi? An gaya mini. Na ɗauka shayin ne ya yi maka daɗi."

Mai faci ya yi dariya, ya ga babu mai taya shi, ya koma kan robarsa.

Ƙarami ya ce, "Tun yaushe nake faɗa maka iska ta yi yawa? Taya ta kumbura, a tsakiya kawai take takawa, ga kaya a baya, ga tsakuwar hawan rafi."

"Yanzu kuma iska ce ta ci roba."

"Na sayar da filina, Yaya. Filin da zan rufa wa 'ya'yana asiri. Sai in zo in saci taya?"

"Ban ce ka sata ba."

"Da ka faɗa ma ya fi."

Ƙarami ya ajiye sifana a ƙasa, ya goge hannu a wandonsa, ya miƙa masa makulli. Ya ce a sayar, kowa ya ɗauki nasa.

Ni mai ba ku labarin nan na ga tayoyin, suna jingine a bayan shagon mai faci har yanzu. Na tambayi makanikin ko me ke cinye taya a tsakiya ya bar gefe. Ya ce iska mai yawa tana yi, kwalta ma tana yi, idan aka haɗa biyun ya fi sauri. Na ce wanne ne a nan? Ya ce shi inji yake gyarawa, ba ya bin mutane a hanya. Masu lambun da na samu sun ce Ƙarami yakan kai la'asar a wurinsu, amma babu wanda ya ce yana duba agogo.

Babur ɗin ya yi watanni a kan bulo a tsakar gidan Mai Sikeli, kaji suna kwana a ƙarƙashinsa. Shi kaɗai ba zai iya sayen tayoyi ba, ba ya iya tuƙi, Ƙarami kuma bai sake taka gidan ba. Dangi sun sa baki. Matarsa ta ce ya je ya ba ƙaninsa haƙuri, kalma ɗaya ce. Ya ce zai je ranar da ya tabbata. Masu saye biyu sun zo, ya kore su, wai tayinsu ya yi kama da juna. Na ukun wani mai gidan gona ne daga bayan gari, ya taya da araha saboda babu taya kuma batir ya mutu. Mai Sikeli ya sallama, domin damina ta kusa kuma tsatsa ta fara cin tirelar. Abin da kowannensu ya samu bai kai ya mayar da fili ko kuɗin sallama ba.

Bayan 'yan makonni aka ga babur ɗin a hanyar rafi da sababbin tayoyi, Ƙarami a kai. Mai gidan gonar ya ce mini ya nemi direba ne, masu lambu suka nuna masa wanda ya san hanya, kafin nan bai taɓa ganin fuskarsa ba. Ƙarami ya ce aiki ne aka ba shi, yana da iyali, ya karɓa.

Mai Sikeli yanzu yana awon gawayi a wani shago kusa da gidansa. Da na gaya masa abin da mai gidan gonar ya ce, ya ɗora buhu a sikeli, ya jira allurar ta tsaya, sannan ya ce, "Da sun san juna, me kake zaton zai ce maka?"

Suna haɗuwa da Ƙarami a wurin ɗaurin aure da jana'iza. Ƙarami yakan rusuna ya gaishe shi, shi kuma ya amsa, ya tambayi iyali, daga nan kowa ya nemi inda zai zauna.