Farantin Yaya Hadiza a Cikin Ganyen Goro

Bari in fara da laifina kafin wani ya riga ni ya ƙara gishiri. Ni na jiƙa farantin Yaya Hadiza, da hannuna, har ina yaba wa kaina.

Yaya Hadiza tana shekarar ƙarshe a jami'a a Kano, tana karatun haɗa sinadarai. Da gawayi da kananzir suka gagare mu, sai ta gina mana rami a bayan gida, inda kashin shanu ke ruɓewa yana fitar da iskar gas da suke ce wa metan. Don ɗumama 'yan tsakin Inna kuma, ta kawo wani faranti mai ƙananan huji kamar saƙar zuma, shafe da baƙin gari. Katalis ake kiransa. In an zafafa shi gas ta bi ta ciki, sai ta ƙone ba harshen wuta, ɗumi kawai. Na farko bai daɗe ba ya huce ya bar tsaki da rawar sanyi. Na biyu, wanda ta yi wa wani haɗi nata, shi ya raine su har suka yi gashi. Su biyun ta ce in kai mata ta gwada a gaban malamanta. Ba ta da wasu. In suka lalace, sai ta maimaita shekara.

Daga gida zuwa Tsanyawa

Ta ce in riƙe su da kyau. A gidanmu kuwa abu ɗaya ake riƙewa da kyau, goron da Baba ke sayarwa. Don haka na naɗe su a ganyen goro, na rufa da buhun algarara, na yayyafa ruwa yadda na saba gani. Baba ya juya ƙunshin ya ce yau na yi ɗaurin manya. A rubuta wannan, don ba ni kaɗai ba ne.

Muna idar da sallar asuba ya ɗauke ni a babur. Damina ta zauna, gero ya kusa kafaɗa dama da hagu, hanya kuwa taɓo ce zalla. Kududdufin da muka tsallake a bakin gonar Liman, na rantse akwai kada a ciki.

Tsanyawa zuwa Bici

Motar ta ƙi cika sai da rana ta ɗaga, don tun da fetur ya haukace mutane suka rage tafiya. Duk da haka mu huɗu aka cusa a kujerar mutum uku. Ni na faɗa tsakanin ƙofa da wata dattijuwa mai kwandon daddawa, wadda kowa ke ce wa Hajiya. Har yau rigata tana tuna ta.

A shingen hanya wani jami'i ya hango ƙunshina, fuskarsa ta washe. Ya ce in ba shi ko ɓari ɗaya ya tauna. Da na buɗe ya ga baƙin faranti, sai ya tambaya ko magani ne. Na ce na kaji ne. Ya dube ni, ya dubi direba, ya ɗaga mana sanda.

Bici

A nan muka tsaya direba ya nemi mai. Na sha koko da ƙosai, na sayi fiya wata, na sha rabi, na ba farantin rabi. Ina cikin yayyafawa waya ta yi ƙara.

"Ɗanlami, ana yayyafi a nan," in ji Yaya Hadiza. "Ka sa su a leda. Kada ko ɗigon ruwa ya taɓa su."

Na dubi ƙunshin yana ɗiga a kan takalmina. Na ce mata ba na ji sosai, na kashe wayar.

Bici zuwa Kano

Na faɗa wa Hajiya, Hajiya ta faɗa wa mota. Kafin mu fita daga gari kowa ya zama likitan faranti. Wani ya ce a binne su a garin rogo. Direba ya ce in ɗora su a murfin inji kusa da shi, inda zafi ke gasa masa cinya tun da ya sayi motar. Haka aka yi. Na tsuguna ina riƙe da su, Hajiya tana yi musu fifita da murfin kwandonta, tana yi mini faɗa a kan yaran yanzu. Da muka wuce Dawanau tururi ya daina tashi, amma ganye ya bar musu kore-kore a gefe. Ni kuwa na gama tsara yadda zan koma Legas da zama in canja suna.

Kano

Yaya Hadiza ta tare ni a ƙofar ɗakin gwaji. Ban jira gaisuwa ta ƙare ba na zayyana mata komai. Sannan ta ɗauki kowane faranti ta shafa shi a farar takarda, ta ɗaga takardar wajen haske. Garin bai bi ba.

"Da ka goge su da tsumma, da ka gama da ni," ta ce. "Goro ne su?"

Ta sa su a tanda su bushe sosai. Muna jira ta yi mini bayanin da ta ce ta sha yi a gida ina wasa da waya. Ruwan da na zuba yana iya bushewa, tsoronta kawai kada ya wanke garin. Babban abokin gabar shi ne tururi. Gas ɗin ramin kashi tana fitowa da danshi, ƙonewarta ma tana haifar da wani. Tururin nan sai ya manne a jikin garin, ya tare wuraren da gas za ta sauka ta ƙone. Haɗin da ta yi wa na biyun, aikinsa ya hana tururi samun wurin zama.

Bayan azahar malamai uku suka shigo. Aka ba ni kujera can gefe, aka ce kada in taɓa ko iska. Ta kunna duka biyun da busasshiyar gas, alluran awon zafi suka hau tare. A nan na fara numfashi. Sai ta buɗe tururi. Allurar tsohon ta soma saukowa kamar mai jin barci. Ta sabon ta ɗan sunkuya, sannan ta tsaya cak ta ƙi ƙara sauka. Babban malamin ya cire tabarau ya tambayi dalilin koren da ke gefe. Ta ce ƙaninta ne ya yi musu hidimar goro. Ya yi dariya har ya dafa tebur.

Komawa gida

Na kwana wajen Kawu a cikin gari, washegari na kamo hanya hannu wofi. Na iso bayan la'asar na tarar labari ya riga ni. Baba ya ce shi ɗaurin kawai ya yaba, bai san abin da ke ciki ba. Inna ta ce ya sani sarai.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, na gode wa direba da Hajiya mai daddawa. Yaya Hadiza ta ci jarrabawarta. Sabon farantin ma ya rage ƙarfi da aka daɗe ana gwada shi, an ce ta ci gaba da gyara. Da ta tashi aiko da na uku, ɗan Kawu ta ba.