Bature Mai Gyaran Inji Ya So a Bar Shi a Ɗakinsa

Duk mai noman rani a Danja ya san Bature mai gyaran injin ban-ruwa. Ba shi da yawan magana, kullum hannunsa baƙi ƙirin da mai. In injin manomi ya tsaya, tumatir na neman bushewa, har gona yake bin sa a kan babur.

Ciwon dajin hanta ne ya kwantar da shi. Da likitoci a Zariya suka ga abin ya wuce aiki, suka sallame shi da maganin rage zafi. Wata nas mai suna Angela ta saka wa matarsa Raudatu manhaja a waya. Kowace safiya wayar tana tambaya da Hausa: yaya zafin yake, ya ci abinci, ya yi barci? Raudatu ta danna amsa, Angela ta kira ta gaya mata yadda za ta ba da maganin.

Ranar da cikinsa ya kumbura, Angela ta nemi a ba shi wayar. Ba ta ɓoye masa ba, komawa asibiti ba zai warkar da shi ba, sai dai a zuƙe ruwan ya ɗan sami sauƙi. A gida ma za a iya rage masa zafin. Ta ce zaɓin nasa ne.

"A bar ni a ɗakina," in ji Bature. "Na gaji da hanya."

Da wansa Alhaji Mahadi ya ji, ransa ya ɓaci. Ya ce ba waya ce za ta yanke wa ɗan'uwansa kwana ba, kuma me mutanen gari za su ce in suka ga an zuba masa ido? Raudatu ta ce ai mai ciwon ne ya faɗa da bakinsa.

"Wanda ke kwance ba shi zai gaya mana abin yi ba," Alhaji ya ce mata.

Aka kinkimi Bature aka sa a mota. Kowane rami aka faɗa sai ya yi nishi. A asibiti ba a sami gado ba. A kan benci ya cika, Raudatu tana can layin karɓar kati.

A zaman makoki mutane suka yi ta yaba wa Alhaji, wai ya yi iya ƙoƙarinsa a kan ƙaninsa. Raudatu tana jin su daga cikin gida. Da ta fita takaba ta koma Tsiga wurin iyayenta. Har yau in Alhaji ya aiko da gaisuwa, ba ta amsawa.