Minti Shidan Kawu

Kawuna mai gyaran agogo ne, shekararsa arba'in a shago ɗaya. Tun da matarsa ta rasu gidan ya yi masa faɗi. 'Ya'ya sai dai waya, mu 'yan uwa ma ba mu tsinana komai ba.

Da naman zuciyarsa ya fara taurarewa, asibiti suka sa shi cikin masu gwajin wata sabuwar allura, wadda aka haɗa don ta kwaikwayi sinadarin da jiki ke sassauta zuciya da shi. Duk Talata sai ya yi tafiyar minti shida a baranda, nas na biye da shi da agogo a hannu, a ga nisan da zai ci. A nan yake zuba mata hira.

Ran nan agogon ya tsaya. Kawu ya ce, "Kawo, 'yata, ai aikina ne."

Bayan gyaran, nisan kowa ya ƙaru, har likitoci sun fara murna. Sai da babbansu ya gwada agogon da na wayarsa, ashe minti shidan ya koma bakwai.

Aka kira ni, don ni na sa hannu a takardarsa. Na tarar likita yana faɗa: "Baba, ka san aikin wata nawa ka ɓata mana?"

Kawu ya sunkuyar da kai. "Minti ɗaya tal na ƙara, likita. Kullum ina tsakiyar labari nas ɗin take cewa lokaci ya yi."

Suka cire shi daga gwajin. Ni da na zo da nawa faɗan a baki, na haɗiye. Rabona da gidansa wata biyar.