Taken da Baba Ya Nema a Kiɗan Bature

Mahaifina makaɗin gangar noma ne, haka ubansa, haka kakansa. Ni ne na ƙi gado, kuma a lokacin ko a jikina. Tun da ruwan kanal ya ratsa gonakinmu na Kura gayya ta fara mutuwa. Wa zai kira makaɗi, alhali tarakta ta gama huɗa kafin a ɗaure ganga? Na rungumi shinkafata da tumatir, na bar Baba da gangarsa rataye a zaure. Shi kuwa abin da ke cin ransa shi ne take. Kowane manomin ƙauyenmu yana da nasa, ɗan gajeren kiɗan da in ya ji ya san da shi ake, ya ƙara danna garma. Duk suna cikin kan Baba, ba wanda ya karɓa.

Makanikenmu ne ya jawo mana ruɗani, wani Kirista mutumin Filato mai gyaran injin ban ruwa, wanda ke kaɗa ganga a cocinsu na Bunkure. Wata la'asar muna bakin kanal muna jiran ruwa, ya miƙa wa Baba waya, wai ya ga abokin sana'arsa. Wani tsohon Bature ne ɗan Ingila, furfura har kafaɗa, ba riga, ganguna da faya-fayan ƙarfe sun kewaye shi, yana duka da hannu biyu da ƙafa biyu. Ƙarar kamar injin casa ya haɗiyi dutse. Makanike ya ce sunan kiɗan hebi metal. Ni dai kaina ya fara sarawa.

Makanike ya ba mu tarihin Baturen tiryan-tiryan. Ubansa ma'aikacin masana'anta ne, shi kuwa da tukwanen uwarsa ya fara kiɗa. Baba ya taɓe baki ya ce ashe ɗan haye ne. Baturen ya shiga ƙungiyar makaɗa, suka zaga duniya, kafaɗarsa ta lalace, abokansa suka ajiye shi suka ɗauki wani, aka yi masa aiki ya dawo, kunnensa ɗaya ya mutu, bai daina ba. Na rasa inda zan kama labarin. Mutum ya tsufa, ya tara, me kuma yake nema a bayan ganga tsirara?

Baba bai damu da wannan ba. Tambayarsa guda ce: taken wa yake kaɗawa? Makanike ya ce ai su ba su da take. Baba ya dube shi kamar ya zage shi, ya ce babu mahalukin da zai zubar da gumi haka ba don wani ba. Aka maimaita bidiyon. Ya ce wataƙila na mai jitar nan ne da ke gaba, aka ce a'a. Ya ce to na sarkin nomansu, aka ce babu shi. Ya ga jama'a na ta kaɗa kai gaba ɗaya, ya ce ba zai yiwu duk takensu ɗaya ba, sai dai in uwa ɗaya ta haife su. Muna wannan musu ruwa ya tsallake kunya ya cika albasar maƙwabcina, na sha faɗa har da zagin da ban ci ba.

Kwana uku Baba yana bin makanike rumfarsa, ya kafa kunne a waya, yatsunsa na motsi a gwiwa. Haushi ya ishe ni, na ce ya bar bawan Allah ya yi aikinsa. A rana ta ukun ya miƙa wayar ya ce, "Allah sarki. Fili cike da mutane, bai san ko ɗaya ba." Ban gane ba ko tausayin Baturen yake ji ko na kansa, har yau ban gane ba.

Washegari muna dashen shinkafa sai ga shi da ganga a kafaɗa, abin da ya yi shekaru bai yi ba. Ya tsaya a kan kunya ya buga wani ɗan kiɗa, ya maimaita sau uku yana kallona. 'Yan ƙwadago suka bushe da dariya. Makanike, da ya zo duba injina, ya ɗauki sifana yana binsa a jikin jarka har ya kama. Kunya ta rufe ni, na ɗago daga taɓo a fusace.

"Baba, wannan kuma na waye?"

"Naka ne. Ranar sunanka na yi shi."

Ya saɓi gangarsa ya tafi gida. Damina biyu bayan haka Allah ya yi masa rasuwa, sauran taken duk suka bi shi. Nawa kaɗai ya tsira, shi ma ba a wurina ba. In kewar Baba ta dame ni, sai in ɗauki injina lafiyayye in kai rumfar makanike in ce yana tari. Yakan dube ni, ya ajiye injin gefe, ya jawo jarka.