Baba Bai Taɓa Kiran Sunana Ba

Jiya bayan sujada a Ikara, autarmu Rahila ta kunna mana muryar marigayi mahaifinmu, Baba Dikin mai hidimar coci, a wayarta, yana yi wa 'ya'yansa addu'a. Ya kira Istifanus, ya kira Ladi, Rahila kuwa sau biyu ya ambace ta. Da ya zo kaina sai ya ce, "Ubangiji, ka tuna da babbarsu."

Mutumin da ya san sunan kowane jariri a cocinmu ke nan. Ni na yi jinyarsa har ya cika, amma da yake ni ce 'yar fari, bai taɓa kiran nawa ba.

Rahila ta ga na ɗaure fuska, ta ce, "Yaya, kunya ce fa. Girmama ki ya yi."

Na ce, "To mu yi musaya. Karɓi girman, ki ba ni ɗaya daga cikin biyun nan naki."

Ta kashe wayar.

Kunya tarbiyya ce, da ita nake riƙon nawa ɗan farin. Amma da na koma gida na kira shi da sunansa, a tsorace ya fito yana cewa, "Mama, me na yi?"

'Yan fari, ku faɗi gaskiya, ku ma abin yana cin ranku?